Yawan Jama'ar Najeriya: Har Yaushe Za a Dogara da Ƙiyasi?

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun watan Maris na 2006. Waccan ƙidaya ta ba da mutum miliyan 140.4, kuma duk adadin da ake ambata tun daga lokacin, miliyan 200 ne ko 230, ƙiyasi ne da aka ɗora a kanta. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba ƙasashe shawarar su ƙirga jama'arsu duk shekara goma. An tsayar da watan Mayu na 2023 domin sabuwar ƙidaya, an shata yankunan ƙidaya, an sayo na'urori, sai gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage aikin ana saura 'yan kwanaki. Yaron da aka haifa bayan ƙidayar 2006 ya isa kaɗa ƙuri'a ba tare da an taɓa ƙirga shi ba.

Tarihin ƙidaya a ƙasar nan tarihin rigima ne. A zamanin Turawa talaka ya san cewa bayan mai ƙirga akwai mai karɓar haraji da jangali, don haka ɓoye kai da dabbobi shi ne dabara. Da aka sami 'yancin kai sai abin ya juya, kowane yanki ya koma neman ya fi yawa. An soke ƙidayar 1962, aka sake wata a 1963 wadda ta ba da miliyan 55.7, Arewa na da fiye da rabi. Gwamnatin Jihar Gabas ta ƙi amincewa har ta je Kotun Ƙoli, ba ta yi nasara ba. Ta 1973, a zamanin Janar Gowon, ta ba da kusan miliyan 80, Janar Murtala ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9, ƙasa da abin da masana suka yi zato. A 2006 kuwa an ba Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce ita nata lissafin ya kai miliyan 17.5. Dalilin wannan ja-in-ja ba ɓoyayye ba ne: yawan jama'a yana cikin ma'aunin rabon kuɗi daga asusun tarayya, kuma da shi ake raba kujeru 360 na Majalisar Wakilai.

Abin da aka sani da ɗan tabbaci game da haihuwa da mutuwa ya fito ne daga binciken lafiya da yanayin jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa duk bayan 'yan shekaru, inda ake zaɓen gidaje a yi wa mata tambayoyi. A 2008 matsakaicin haihuwar mace ɗaya a rayuwarta 5.7 ne. Ya sauka zuwa 5.5 a 2013, zuwa 5.3 a 2018, sannan zuwa 4.8 a binciken 2023 zuwa 2024. Saukar tana tafiya, amma a hankali, kuma adadin ƙasa baki ɗaya yana rufe babban bambanci. A 2018 Arewa maso Yamma tana da 6.6, Kudu maso Yamma 3.9, Katsina 7.3, Legas 3.4. A tsallaken iyaka, binciken 2012 ya ba Jamhuriyar Nijar 7.6, jihar Maraɗi ma ta haura 8. Katsina ta fi kama da Maraɗi fiye da yadda ta yi kama da Legas, domin abubuwan da ke tsara haihuwa iri ɗaya ne a wuraren biyu: shekarun da yarinya ke yin aure, zurfin karatunta, noman da ke buƙatar hannu da yawa, da kuma kasancewar 'ya'ya su ne fanshon tsofaffi.

Masu wa'azin rage haihuwa sukan tsallake ɗaya ɓangaren lissafin, wato mutuwar yara. Binciken 2018 ya nuna cewa cikin yara dubu da aka haifa da rai, 132 ba sa kai shekara biyar. A Arewa maso Yamma adadin 187 ne, a jihar Kebbi ya kai 252, wato yaro ɗaya cikin huɗu. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu, ƙyanda da tamowa su ne manyan masu ɗauka, kuma dukkansu akwai rigakafi ko magani mai araha. Uwar da ta binne biyu ba za ta saurari mai ce mata huɗu sun isa ba. A mafi yawan ƙasashen da haihuwa ta ragu, sai da iyaye suka fara ganin 'ya'yansu suna rayuwa. Su kansu iyaye mata ba su tsira ba: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne. Tazarar haihuwa, wadda al'adar shayarwa ta shekara biyu ta daɗe da sani, tana cikin abubuwan da ke rage wannan asara.

Ko da haihuwa ta faɗi warwas gobe, jama'a za su ci gaba da ƙaruwa na tsawon shekaru masu yawa. Sama da kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa ba su kai shekara 15 ba, kuma kusan rabi ba su wuce 18 ba. Iyayen gobe an riga an haife su. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ke hasashen cewa Najeriya za ta haura miliyan 350 zuwa 2050. Yawan matasa arziki ne idan akwai aji da malami da sana'a, kamar yadda Koriya ta Kudu ta nuna. Ƙasar da ke da yara sama da miliyan 10 da ba sa zuwa firamare, mafi yawansu a Arewa, ba ta kama wannan hanya ba tukuna.

Ƙiyasin da aka gina kan 2006 yana da wani rauni kuma. Yana ɗauka cewa kowa yana nan inda aka bar shi. Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009, ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu, ya cika Maiduguri maƙil. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zamfara, Katsina da Sakkwato, wasu mutanen suka tsallaka Maraɗi. Garuruwan da ke gefen Abuja sun ninka. Raba allurar rigakafi ko littattafan makaranta bisa taswirar 2006 lissafin dokin Rano ne.

Ƙidaya aikin lokaci ɗaya ne. Abin da ke riƙe lissafi tsakanin ƙidaya da ƙidaya shi ne rajistar haihuwa da mutuwa. Dokar 1992 ta wajabta duka biyun, amma binciken 2018 ya sami kashi 43 cikin ɗari kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka yi wa rajista, ta mutuwa kuwa ta fi haka taɓarɓarewa. Akwai kuma al'adar da ke sa uwa ta ƙi faɗin yawan 'ya'yanta, ko ta tsallake ɗan fari saboda kunya, abin da ma'aikacin ƙidaya baƙo ba zai gane ba. Duk da haka, a ƙasar Hausa ba a haihuwa a ɓoye. Ran bakwai ana raɗin suna a gaban liman da mai unguwa, gawa kuma ba ta tafiya makwanci sai da sallar jana'iza. Waɗannan mutane sun san wanda ya zo da wanda ya tafi, littafi da izini kawai suka rasa.

Matsayinmu shi ne Gwamnatin Tarayya ta sa ranar ƙidaya, Majalisar Tarayya ta yi dokar da za ta ɗaure kowace gwamnati ta yi ta duk shekara goma, yadda ɗagewa ba zai zama ganin damar shugaba ba. Ya kamata a sake duba nauyin da ake ba yawan jama'a wajen rabon kuɗi, domin muddin kowane kai da aka ƙara yana kawo naira, gwamnoni ba za su daina sa hannu ba. Jihohi kuma su haɗa kai da Hukumar Ƙidaya da masarautu, a ba dagatai da masu unguwanni da limamai da fastoci littafin rajista, a biya su ɗan alawus, magatakardan hukumar ya riƙa zagayawa duk wata yana kwashe sunayen yana kai wa iyaye takardar haihuwa kyauta.