Idan Famfo Ya Ƙafe a Bazara

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Kano, kuma daidai lokacin ne famfo ke ƙafewa a unguwanni da yawa, musamman idan rashin wutar lantarki ya tsayar da injinan matatun ruwa na Tamburawa da Challawa. Nan take 'yan garuwa ke ƙara wa jarka kuɗi.

Kafin ruwa ya dawo, magidanta su ware na sha a randa mai murfi, yara da tsofaffi su fara sha. Ruwan rijiya a tafasa shi saboda kwalara, na wanki kuma a kai banɗaki.

Hukumar ruwa ita ma ta riƙa sanarwa tun da wuri, ta tura tankoki unguwannin talakawa.