Kafin a Buɗe Aji, a Shiga Cikin Gida

Tun da Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura a 2021, zancen injiniyoyi ake ta yi. Ni kuwa hankalina na kan saurayin da ba ya cikin lissafin kowa: mai raunin fahimta, wanda ya haura shekara 20 yana zaman ƙofar gida, yara na tsokanarsa. Ba taɓin hankali gare shi ba, balle a ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Koyo ne yake yi a hankali.

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta zuwa sakandare. Daga nan fa? A Amurka, tun 2008 doka ta ba masu raunin fahimta damar samun tallafin karatu a wasu kwasa-kwasan kwaleji ko ba takardar sakandare. Me zai hana jami'ar Babura, ko Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, buɗe gajeren kwas na kiwon kaji ko ɗinki dominsu? Malamai ba su gagara ba, Jami'ar Bayero na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman.

Sai dai kwas ɗin ba zai je ko'ina ba in an bar uwa a waje. Ita ta san in ɗanta ya yi shiru tsoro ne ko yunwa, ita ta san lokacin shan maganin farfaɗiyarsa, in yana da ita. Amma wa ke zuwa taron iyaye da malamai a wajenmu? Maza, su tattauna kuɗin gyaran rufi, a yi addu'a, a watse. Mai ilimin yaron tana gida tana tuƙa tuwo. To, a tura malama ta yi sallama, ta zauna kan tabarma ta saurare ta kafin a tsara darasi.

Iyaye ma da nasu laifin. Tausayi kan hana su barin yaro ya riƙe kuɗi ko ya hau mota shi kaɗai, alhali abin da aka kai shi koyo ke nan. Nan malami zai cije ya ce, "Baba, ku bar shi ya gwada zuwa kasuwa, ni zan bi shi daga nesa."

Shi ma saurayin a tambaye shi: kaji yake so, ko keken ɗinki?