Binciken METTL3 da matsalar antibodi da ke kuskuren gane abin da ake nema

A shekarar 2021 masana a Cambridge ta Ingila suka wallafa a mujallar Nature cewa sinadarin STM2457 ya rage yaɗuwar sankarar jini a jikin ɓeraye ta hanyar daƙile enzayim mai suna METTL3. Wannan enzayim ne ke liƙa wa RNA, wato saƙon da ke kai umarnin ƙwayoyin gado wurin ƙera furotin, wata 'yar alama da ake kira m6A, wadda ke shafar tsawon rayuwar saƙon. Kamfanin Storm Therapeutics ya riga ya fara gwada magani irin wannan a kan mutane.

Domin mai bincike ya san yawan METTL3 a cikin ƙwayar halitta da inda yake, yakan sayi antibodi, furotin da aka tanada domin ya kama abu guda takamaimai. Idan antibodin ya kama wani abu dabam, sakamakon zai fito tsaf a takarda alhali ƙarya ne.

Hakan ya taɓa faruwa a wannan fanni. A 2016 an ba da rahoton dubban wurare masu alamar m1A a jikin RNA, amma binciken 2019 ya nuna cewa antibodin da aka yi amfani da shi yana kama murfin da ke farkon saƙon. A 2023 kuma ƙungiyar YCharOS ta jami'ar McGill a Kanada ta gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, fiye da rabinsu suka faɗi aƙalla gwaji ɗaya.

Hanyar tantancewa sananniya ce. A cire ƙwayar gadon da ke samar da furotin ɗin da fasahar CRISPR, ko a rage aikinta, sannan a duba ko alamar ta ɓace. Sai dai gwajin yana cin kuɗi da lokaci, kuma ba kowace mujalla ke tilasta shi ba.

Yawancin wannan bincike da kuɗin jama'a ake yinsa, kuma a kansa ake gina gwajin magani ga marasa lafiya. Saboda haka ya kamata hukumomin da ke ba da tallafi su sa tantance antibodi cikin sharuɗɗansu, kamfanoni kuma su janye duk wanda ya faɗi gwaji daga kasuwa.