Abin da Mista Bin da Penny Lane suka koya mana game da unguwarmu



Da yawanmu a faifan Mista Bin muka fara ganin Ingila. Muna yara, an cika ɗaki, ana ta dariya har da hawaye, alhali mutumin bai cika magana ba. Sai da muka girma muka lura da wuraren da ake kai shi: ɗakin jarrabawa, coci, wurin likitan haƙori, shagon wankin kaya. Rowan Atkinson ya yi shirin daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 kacal, amma har yau ana kallonsa a duniya. Jarinsa duka bai wuce ƙananan abubuwan da ke samun Baturen Ingila a ranar da babu wani labari ba.

Wannan ɗabi'a ta daɗe a nishaɗinsu. A 1967 mawaƙan The Beatles, 'yan birnin Libaful, suka fitar da waƙar Penny Lane. Sunan wani titi ne a garinsu, inda motocin haya ke juyawa. Mutanen cikin waƙar su ne mai aski, ma'aikacin banki, ɗan kwana-kwana da wata ma'aikaciyar jinya. A lokacin samarin nan sun zaga duniya, sun ga Amurka da Japan, amma da suka zo yin waƙa sai suka koma unguwar da suka taso. Yau baƙi na zuwa ɗaukar hoto a titin, har allon sunansa masoya sun sha sacewa.

Haka abin yake a talbijin. A watan Disamba na 1960 aka fara nuna Coronation Street, wanda Tony Warren ya ƙirƙira bai kai shekara 25 ba. Labarin layi ɗaya ne na talakawa a yankin Mancesta, da kantinsu da mashayarsu da gulmarsu. Kashi 13 aka fara ba shi damar yi. Shirin ya wuce kashi 10,000, kuma bai tsaya ba. BBC ta kawo nata, EastEnders, a 1985, kan mazauna wata unguwa a gabashin Landan. Ranar Kirsimeti ta 1986 sama da mutum miliyan 30 suka kalle shi. Me aka nuna? Wani miji ne ya miƙa wa matarsa takardar saki.

Kada a ce ai wannan zamanin da ne. Waƙar grime ta taso a farkon shekarun 2000 daga dogayen gidajen gwamnati na gabashin Landan, ana watsa ta a gidajen rediyon bayan fage. 'Ya'yan baƙi ne da yawansu, suna waƙa da Turancin unguwa kan talauci, 'yan sanda da faɗan wuƙa. Skepta, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya ci kyautar Mercury a 2016. Stormzy, wanda mahaifiyarsa 'yar Gana ce, ya hau babban dandalin bikin Glastonbury a 2019 sanye da rigar kariya daga sukar wuƙa. Damuwar unguwarsa ya ɗauko ya aza a gaban duniya.

To, mu dawo kanmu. Mu faɗi gaskiya, labarai nawa muka rubuta da jarumin ya yi karatu a Landan, ya sauka a jirgin mahaifinsa, yana da motocin da ko sunansu ba mu iya rubutawa daidai? Mu kanmu mun aikata, ba wani muke nuna wa yatsa ba. Muna kwatanta sanyin Landan da ba mu taɓa ji ba, mu bar hunturun da ke fasa mana leɓe kowace shekara. Su mutanen Landan ɗin suna rubuta mai askinsu, mu kuma muna jin kunyar namu. Shi ya sa labaranmu ke kama da juna, domin duk daga fim ɗaya muka kwaso su.

Wani zai ce masu karatu sun gaji da wahala, mafarki suke so su saya. Akwai gaskiya a nan, kuma ba laifi ba ne a rubuta mai kuɗi. Amma Baturen da ya dawo aiki a gajiye shi ma yana da ikon neman mafarki, sai ga shi shekara sama da 60 yana kallon mutane irinsa suna rigima kan kuɗin haya. A gida ma mun gani. Daɗin Kowa na Arewa24 ya shiga zukatan mutane ne saboda kowa ya ga maƙwabcinsa a ciki, kuma kafin nan Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa ta zauna.

Wani kuma zai ce al'adarsu daban ce, mashaya ba wurinmu ba ne. Haka ne, kuma ba tarbiyyarsu muka ce a kwaso ba. Idon da suke kallon rayuwarsu da shi muke so mu koya. Inda suke da mashaya muna da teburin mai shayi, inda suke da tashar bas muna da layin masu adaidaita. A nan ake cin bashi, a nan ake ƙulla aure, a nan ake warware shi.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zauna minti 30 a wani wuri a unguwarsu, ya kashe waya, ya saurara. Ya rubuto mana shafi ɗaya kan mutum guda da ya gani, ba tare da ya ba shi mota ko digiri daga waje ba. Ku ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu, za mu karanta tare mu yi wa juna gyara.

Allah ya ƙara mana basira.