Digirin Jinya Daga Aji Huɗu Yake Farawa

Kowace Lahadi mutanen Illela da na Birnin Ƙonni kafaɗa da kafaɗa suke wuni a kasuwa, kuma sanƙarau da kwalara ba su san iyakar ƙasa ba. Gari irin wannan yana buƙatar ma'aikatan jinya 'yan asalinsa, waɗanda ba za su ƙosa a mayar da su birni ba.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana bayar da digirin jinya: karatun shekara 5 da jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, sannan shekarar horo a asibiti. Sai dai sharaɗin shiga shi ne kiredit 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Yarinyar da aka raba da ajin kimiyya a aji huɗu na sakandare don rashin malamin Fiziks, an rufe mata ƙofar tun tana 'yar shekara 15.

Saboda haka, attajiran Illela masu niyyar taimako, kada ku jira sai lokacin biyan kuɗin jami'a. Ku fara da ɗaukar nauyin malaman kimiyya a makarantun 'yan mata.