Tafin da Muka Yi wa Alejandro

Ranar Asabar da ta wuce ni da abokan ɗakina muka kalli Sicario, fim ɗin Amurka da Denis Villeneuve ya ba da umarni a 2015, kan yaƙi da masu fataucin hodar iblis a iyakar Amurka da Meziko. Kalmar ta Sifaniyanci ce, wato wanda ake biya ya yi kisa.

Dab da ƙarshe, Alejandro, wanda Benicio del Toro ya fito a matsayinsa, ya tarar da uban masu fataucin, Fausto Alarcón, yana cin abincin dare da iyalinsa. Ya harbe matar da yara biyu a gaban idonsa, sannan ya harbe shi. Nan take ɗaki ya kaure da tafi. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba, kuma tafin nan ne ya hana ni barci.

Gaskiya ne an zalunci Alejandro. Da lauyan gwamnati ne, mutanen Alarcón suka kashe masa mata da 'ya. To amma yaran nan me suka yi? Kuma hukumar CIA da ta ɗauke shi aiki ba kawar da fataucin take so ba, so take ya koma hannun mutum ɗaya da za ta iya juyawa. Kate Macer, jami'ar FBI da ta nace sai an bi doka, bindiga Alejandro ya ɗora mata a haɓa har ta sa hannu cewa komai bisa ƙa'ida aka yi shi.

A nawa ra'ayin, wanda ya kamata mu zuba wa ido shi ne Silvio, ɗan sandan Meziko mai yi wa 'yan fataucin dako. Ba waliyyi ba ne, amma yana da ɗa mai jiran sa su je ƙwallo. Alejandro ya kashe shi a kan hanya, babu wanda ya ce uffan a ɗakinmu. Da na tambayi sunansa washegari, ba wanda ya tuna.

A 2010 kaɗai an kashe fiye da mutum 3,000 a garin Juárez, inda fim ɗin ya nuna gawarwaki rataye a gada. Ɗan Silvio kuwa, shi aka rufe labarin da shi: yana filin ƙwallo, aka ji ƙarar harbi daga nesa, kowa ya tsaya ya saurara, sannan wasa ya ci gaba.