Ba dauɗa ba ce a wuyan yaron nan

Ƴan uwa, bari in ba ku labarin ɗan yayata. Shekararshi 13. Wata da watanni uwar na dirje mishi bayan wuya da soso da sabulu, tana faɗa wai ƙazami ne. Baƙin ya ƙi fita. Sai da muka je asibiti likita ya ce ba dauɗa ba ce: jikin ne ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini. Aka auna, tumbi ya wuce kima, jini ya hau, kitsen jini ya yi yawa.

Likitoci na ce ma wannan sindrom metabolik. Abu biyar ake dubawa: faɗin ƙugu, hawan jini, suga, kitsen jini, da ƙarancin kolesterol mai kyau. In uku suka haɗu, an kama hanyar ciwon suga da na zuciya.

Wallahi na ji kunya, don ni ke cika shi da lemun kwalba. Gwangwani guda na koka, suga wajen giram 35 ne a ciki.

Na san za a ce, a ƙasar da tamowa ke kashe yara, wa ke ta ƙiba? To, duka biyun gida ɗaya suke kwana. Yaron da aka haifa ƙarami ko ya tsumbure, in ya zo ya yi ƙiba da sauri, haɗarinshi ya fi yawa. OMS ta ce a duniya, yara masu shekara 5 zuwa 19 da nauyinsu ya wuce kima sun tashi daga kashi 8 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 20 a 2022.

Mu daina cewa “ya ji hutu”. Ku duba abin da ake saidawa ƙofar lakwal: alawa, biskit, jus na leda. Ku duba filayen ƙwallon unguwa da ake yankawa ana saidawa. Yaro na buƙatar motsa jiki minti 60 kullum. A ina zai yi?

Mu tambayi magadan gari wannan, daga Maraɗi har Damagaram. A gida kuma, ku samu zare, ku auna tsawon ƙanenku, ku ninka biyu, ku zagaya cibiyarshi. In bai haɗe ba, ku kai shi asibiti a duba.